Zuciyar Aro

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da likita ta tara mutum shida suna kallon bugun zuciyata a allon kwamfuta, alhali duk ɗakin ni kaɗai na san zuciyar wani suke kallo.

Ni mai gyaran wuta ne a Tahoua. Shagona yana bayan tasha, kuma duk abin da ke da waya a cikinsa ana kawo mini: fanka, firiji, rediyo, batirin sola, da injin wuta da muke ce wa gurup. Ciwona ɗaya ne tun ina yaro, ba na iya ganin abu yana aiki ban buɗe shi na ga dalili ba. (Agogon bangon surukina har yau yana rataye, amma tun ranar da na leƙa cikinsa yake nuna ƙarfe huɗu saura kwata.) Matata Ramatu takan ce da za a sa wa cikin mutum marfi da kusoshi, da tuni na buɗe nawa na rasa yadda zan mayar.

To, a bara ne ƙirjina ya fara wani salo. Ina zaune lafiya sai in ji zuciyar ta buga, ta buga, ta yi tsit, sannan ta dawo da wani dum mai ƙarfi har cikin maƙogwaro. Ban gaya wa kowa ba wata biyu. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, domin mahaifina a gona ya faɗi da hauya a hannunsa yana da shekarun da nake da su yanzu, kuma bai tashi ba. Ranar da Ramatu ta kama ni na dafe ƙirji ina ƙirga numfashi, ba ta tsaya jin bayani ba, ta ɗauko mini hula muka nufi gidan likita.

Likitar zuciyar mace ce, 'yar Damagaram, ba ta da yawan magana. Aka kwantar da ni aka manna mini wayoyi, takarda ta fito da zane-zane, ta duba ta ce ba ta ga komai ba. Ban yi mamaki ba. Na saba da rediyon da ke ƙara a gida, da zarar an kawo shi shago sai ya yi lafiya lau ya bar mai shi da kunya. Sai ta jawo takarda ta zana mini zuciya, ta ce a samanta akwai wani ɗan wuri da ke tayar da wuta da kansa, wutar ta bi ta wata mahaɗa a tsakiya, ta sauka ta wayoyi zuwa ɗakunan ƙasa, sai su matse su tura jini. In wutar ta tashi daga inda bai kamata ba, ko ta makara a hanya, ko wayar ta yanke, shi ne bugun yake rikicewa.

Wallahi nan take na manta da cewa ni ne marar lafiyar. Na gyara zama.

"Lokotoro, kina nuhin akwai kuran, irin wutag ga da nika gyara, cikin mutum? Nawa na, sha biyu ko ɗari biyu da ashirin?"

"Bai kai ko na pil ɗin tocila ba," in ji ta.

"To ina fizibil ɗinta, mai ƙonewa in wuta ta yi yawa?"

Ramatu ta taka mini ƙafa. Likitar ta ɗan yi murmushi ta ce tunda zuciyar ta ƙi yin halinta a gabanta, za a ɗaura mini wata 'yar na'ura da suke kira holta, in kwana in wuni da ita tana rubuta kowane bugu.

Majo, wato babban ma'aikacin jinya na sashen, shi ya ɗaura mini ita ranar Asabar da safe. 'Yar akwati ce, ba ta fi salula ba, da wayoyi biyar masu launi daban-daban, kowace da faifan da ake mannawa a ƙirji, da wata 'yar fitila kore mai ƙiftawa. Ya kafa mini dokoki: kada ruwa ya taɓa ta, kada in cire ta, in nisanci maganaɗisu da manyan injunan wuta, kuma duk abin da na yi in rubuta shi da lokacinsa a takardar da ya ba ni. Ya ƙara da cewa ita kaɗai ce suke da ita, mutane na jiran layi, in na ɓata wannan awon sai bayan wata biyu. Ni kuwa a yadda nake jin ƙirjina, ban tabbata ina da wata biyun ba. Sannan ya dube ni, ya dubi aljihun rigata inda kan turnabis, abin kwance kusoshi, ya leƙo, ya ce, "Kuma ba a buɗe ta."

Matsalar ita ce a ranar ake bikin 'yar farin Illo, a ƙauyenmu da ke gaba da Bambeye. Illo ɗan kawuna ne, wato taubashina. Shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara "bawana" yake kirana, ni kuma ba ni da aiki sai neman abin da zan tsokane shi da shi. Ya girme ni da shekara goma, manomi ne mai 'yan shanunsa. A 'yan shekarun nan jikinsa ya yi sanyi, tafiya kaɗan sai ya nemi wurin zama, wani lokaci ma sai ya zube ƙasa ya tashi kamar ba a yi ba. Mata suka ce iska ce, aka yi turare aka sha rubutu. Mu maza muka sa masa Sarkin Barci.

Na sa babbar riga a kan wayoyina muka tafi. Aka ɗaura aure, aka ci tuwo, ni dai ina ta kaffa-kaffa da ƙirjina, ko runguma ban yarda an yi mini ba. Bayan azahar mata suka cika tsakar gida, lasifika na tashi, rawa ta yi rawa, sai gurup ɗin da aka aro ya yi tari biyu ya mutu. Kiɗa ya tsaya, firijin da ake sanyaya lemon baƙi ya tsaya. Ban ma ɗaga kai ba na ji ana cewa, "Ina Mai-wuta? A kira Mai-wuta." Wanda bai taɓa zama mai sana'a ɗaya tilo a cikin dangi ba, ba zai gane ba. Ba a cewa a'a. In na ce likita ta hana ni, kafin la'asar labari ya kai har garin Affala cewa ina bakin mutuwa.

Sai na koma bayan gida na yi lissafi irin namu. Cikin gurup akwai maganaɗisu, majo ya ce in nisance shi, ke nan dole in cire na'urar. In na cire na ajiye, za ta rubuta shiru na awa guda, likita ta gane na karya doka, a mayar da ni ƙarshen layi. Ban da haka, a sana'armu ba a son a bar inji yana aiki ba a ɗora masa kaya ba. (Wa ya ce mini wannan dokar ta shafi kayan likita? Babu. Ni na yanke wa kaina.) Abin da nake bukata kawai shi ne wata zuciya mai natsuwa da za ta riƙe mini wurin. Kuma in faɗi gaskiya, akwai wani ɓangare na raina da ke son ganin ko fitilar nan za ta ƙifta daban a jikin wani.

Ina ɗaga ido sai ga Illo a gindin gawo shi kaɗai, ya jingina, ya rufe fuska da hula. Uban 'yar fari ba ya shiga taron bikinta, kunya ta hana, don haka tun safe yake can.

"Illo, tashi ka buɗe ƙirji."

Ya ɗaga hular. "Bawana, mi kuma ka ɗauko? Sata ka yi?"

"Aro nika so. Zuciyakka, ta awa guda. Kai dai ba wani aiki kaka yi da ita ba."

Na ɗage riga na nuna masa. Ya daɗe yana kallon wayoyin, ya tambaya ko abin yana shan jini, na ce ko ruwa ba ya sha. Ya ce to, amma in maido masa da abarsa yadda na ɗauka.

A nan dai ba zan yi wa kaina ƙarya ba, aikin na yi shi da kyau. Na ɗauki bik na zagaye wurin kowane faifai a ƙirjina, na rubuta launinsa, sannan na auna da yatsu na mayar da su daidai a ƙirjin Illo, ja a wurin ja, kore a wurin kore. Fayafayan sun daina kamawa, sai na ɗaure su da baƙin salatif ɗin da muke naɗe waya da shi. Na tsaya na kalli fitilar. A jikina ƙif-ƙif-ƙif take yi, a jikinsa kuwa sai ta ƙifta, ta tsaya har ka ɗauka ta mutu, sannan ta sake. Na ce a raina pil ya fara sanyi, kayan gwamnati ke nan. Na tafi wurin gurup.

Sharbon ne ya cinye, wato ɗan gawayin da ke ɗauko wuta a cikin injin. Na yanko wani daga tsohon pil na goge shi ya shiga, cikin minti hamsin da biyar inji ya tashi, mata suka rangaɗa guɗa, wata gwaggona har ta liƙa mini goro a goshi. Na dawo gindin gawo ina ji da kaina, na ɓare salatif daga ƙirjin Illo tare da rabin gashinsa, ya zage ni zagin taubashi, na mayar da kayana jikina. A takardar majo na rubuta: "Biyu da minti goma zuwa uku da minti biyar, hutawa a gindin gawo." Na ma yaba wa kaina da ban yi ƙarya ba, tunda mai zuciyar hutawa yake yi.

Lahadi na mayar da na'urar. Litinin da la'asar ina shago salulata ta yi ƙara. Majo ne. Ya ce in zo yanzu, kada in tuƙa moto da kaina, kuma in zo da iyalina. Na rufe shago na kira Ramatu muka tafi.

Mun tarar da ɗakin cike. Likitar, da majo, da wani likita dattijo da ta kirawo, da 'yan mata uku masu koyon aiki da littattafansu a hannu. Aka ba ni kujera, aka hana ni ko sunkuyawa. Likitar ta juyo da allon ta fara nuna mini. Ta ce ga zuciyata da safe, tana tafiya daidai, sai ɗan bugun da ke riga lokacinsa nan da can, wanda shi nake ji, kuma wannan ba abin tsoro ba ne. Har na fara sakin numfashi. Sai ta matsa gaba.

"Amma dubi nan. Daga ƙarfe biyu da minti goma, bugun ya sauka talatin da biyu a minti. Sama tana aika wuta, ƙasa ba ta samu, kowa na tafiyarsa. Wayar tsakiyar ta yanke gaba ɗaya. A nan kuma zuciyar ta tsaya cak fiye da daƙiƙa biyar. Ba ka faɗi ba?"

Na ce a'a. Muryata ta fito siririya.

Ta ce irin wannan yana kashe mutum a tsaye, maganinsa kuma ɗan batiri ne da ake sa wa a ƙarƙashin fatar ƙirji ya riƙa tura wutar, kuma sai a Yamai. An riga an yi wa direban motar marasa lafiya magana. Ramatu ta fashe da kuka, ta fita, ta dawo ta ce ta gaya wa Inna, mahaifiyata, ana neman mota a ƙauye.

Zan so in ce nan take na faɗi gaskiya. Ban faɗa ba. Na zauna ina auna wanne ya fi sauƙi, in buɗe baki a gaban 'yan matan nan, ko in bari a kai ni Yamai a tsaga ni. Kuma Allah ya sani na ɗan jima ina ganin Yamai ɗin ta fi sauƙi. Abin da ya hana ni shi ne wanzami ba ya son jarfa. Ni da nake buɗe cikin kayan mutane, ban shirya a buɗe nawa ba.

Likitar dai ba ta daina kallon allon ba. Ta ce da dattijon abin da ya ɗaure mata kai shi ne siffar zanen ma ta sauya, kamar wani ne ya karɓi alƙalamin ya ci gaba da rubutu, kuma kafin wurin da bayansa akwai 'yan mintoci na kwamacala. Dattijon ya ce shekara talatin yana aiki bai ga zuciyar da ta yanke ta kuma haɗa kanta tsaf a cikin awa guda har da sauya kamanni ba. 'Yan matan suna ta rubutawa. Sai majo ya buɗe aljihun tebur ya fito da wayoyin, ya ɗaga ɗaya sama. Guntun baƙin salatif ne manne a jikinta, da gashi uku masu furfura. Ni kuwa ƙirjina ko gashi ɗaya babu, shi da kansa ya shaida haka ranar Asabar.

"Malam," in ji likitar a hankali, "akwai abin da kake son gaya mini?"

Na dubi ƙasa. Na ce, "Lokotoro, zuciyag ga ta ƙarhe biyu... ta taubashina ta. Aro niy yi."

Sai na ga ɗaya daga cikin 'yan matan ta cusa fuska a hijabi, kafaɗunta na rawa. Dattijon ya cire tabarau yana gogewa ba dalili. Ramatu ta tsaya da kukanta a tsakiya, hawaye na kumatunta, ta dube ni irin kallon da ban taɓa gani ba a shekara goma sha takwas na aure.

"Baban Nana," ta ce, "hal zuciya ma aro kaka yi?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara bayanin gurup da maganaɗisu da injin da ba a bari ba kaya, kowace kalma tana ƙara tona ni. Likitar ce kaɗai ba ta yi dariya ba, kuma ba ta yi faɗa ba. Ta katse ni.

"Ina mai zuciyar yake yanzu?"

"Ƙauye."

"Me yake yi da wannan lokacin?"

Na dubi agogo. Biyar saura. Da wannan lokacin kullum Illo yana bakin rijiya yana jan guga yana shayar da shanu, kuma rijiyoyin ƙasarmu ta Adar ba a ganin ƙasansu. Sai a lokacin maganar ta shige ni. Duk abin da ta faɗa, da wayar da ta yanke, da tsayawar daƙiƙa biyar, da mutuwa a tsaye, gaskiya ne, kuma a ƙirjin ɗan kawuna suke.

Nan take na kira shi. Ya ɗauka, ina jin kukan shanu da ƙarar igiya a kan itace.

"Illo, ka ja da baya daga bakin rijiyag ga. Zamna ƙasa. Lokotoro ta ce zuciyakka na tsayawa, mota na zuwa ɗaukakka."

Ya yi dariya. "Bawana, ƙaryag ga taka ta yau ba ta da gishiri. Shekaranjiya ka are ta, yau kuma ka ce ta lalace? Kai ka ɓata ta ke nan."

Na rantse da Allah, ya ce na saba. Na rantse da kabarin mahaifina, ya ce wasa ya fara yin yawa. Kuma da gaskiyarsa. Shekara bakwai ni ne kan gaba wajen yi masa dariya. Ni na raɗa masa Sarkin Barci. A kowane suna da biki sai an ce in kwaikwayi yadda yake zubewa, in karkace ido in sulale ƙasa, jama'a su yi ta ƙyaƙyatawa, shi ma ya taya su. Yau da nake da maganar da za ta ceci ransa, bakina ba shi da daraja a wurinsa. Kuka ya ƙwace mini a gaban 'yan matan nan, wannan karon ban ma damu ba. Likitar ta karɓi salular ta gaya masa ko ita wace ce, da muryar da ba a yi mata gardama. Muna ji ya ce wa wani ya karɓi gugan.

A daren aka kawo shi Tahoua, kashegari aka wuce da shi Yamai, ni na raka shi. Dangi suka haɗa hannu aka sa masa batirin. Bayan sati uku ya dawo yana tafiya ina haki a bayansa. An ba shi takardar abubuwan da zai nisanta, maganaɗisu da injin walda da gurup, shi kuma yana gaya wa kowa cewa likita ta ƙara da bakinta, "da bawanka."

Ni kuma an sake ɗaura mini holta bayan wata biyun, Ramatu ta zauna gadi a kaina kwana da wuni, ko soshi sai da izininta. Sakamakon ya fito: ba abin da ke damun zuciyata sai shayi kofi tara a rana, da goro, da tsoro. Har yau in na shiga gidan likitan nan, masu shara ma sun san ni, "mai aron zuciya ya zo."

Wannan duk ina iya ɗauka. Abin da ya fi zauna mini shi ne wata magana da Illo ya yi muna dawowa daga Yamai, kansa a jingine da tagar mota, ba ya ko kallona.

"Ka iya hwaɗuwar tawa ƙwarai, bawana," ya ce. "Abin da ba ka iya ba shi na tsoron da nika ji in na tashi."

Bai sake tayar da zancen ba har muka wuce Dogon Dutsi.

Yanzu in na ga mutum ya zube, ko an fara ce masa rago alhali da can ba haka yake ba, sai in kama wuyan hannunsa in ƙirga tukuna kafin in buɗe baki. Dariya ba ta gudu, in lafiya ce a yi ta daga baya. Kayan likita kuwa, ko ma'aunin zafi aka sa mini a hammata, hannuwana biyu a ƙarƙashin cinyata suke har a cire.